Koset Ɗin 'Yar Aiki ta 1890 da Shatin da Ya Bari a Ƙugu

Ranar da 'yar ƙawata ta shigo ɗakin ɗinkina a Lesta, a karkace take tafiya. Ta ajiye wata baƙar leda a kan teburin yanka, ta ce, "Anti, don Allah ki duba min abin nan, ko ni ce ban iya sa shi ba." Ta ɗaga rigarta. A kan tsinin ƙashin ƙugu, hagu da dama, jini ya kwanta, kowane shati ya kai faɗin babban yatsa. Ƙarƙashin hammata fata ta ɗan saluɓe. Ta ƙara da cewa gefen cinyarta ta dama ya sage tun shekaranjiya, in ta taɓa wurin kamar ba jikinta ba.

Karatu ya kawo ta Ingila, sai ta shiga wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta masu sha'awa, irin waɗanda ba a biyansu. Wasan da suke shiryawa labarin wani gidan masu hali ne a 1890, zamanin Sarauniya Biktoriya, ita kuma aka ba ta 'yar aiki. A gidajen nan 'yar aiki kan sa rigar auduga mai zane da safe lokacin aikin datti, da rana ta sauya zuwa baƙar riga da farin afuron da 'yar hula. A wasan dole ta durƙusa ta share murhu, ta ɗaga bokitin kwal, ta hau matakala da gudu, kusan awa biyu tana kai da komo. Mai kula da kayan wasan ta ce rigar ba za ta zauna ba sai da koset a ciki, wato rigar ciki mai tauri da ake ɗaurewa da igiya ta tsuke tsakiyar jiki, kuma gaskiyarta. Sai aka ba yarinya 'yan kuɗi kaɗan aka ce ta sayo a intanet.

Ni kuwa na shekara da shekaru ina ɗinka wa amare koset, tun ina Kaduna, tun lokacin da yayin ya shigo kayan kamu da na dina. Na ɗauka na san koset ciki da bai. Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba shi ne, amarya zama take yi. A ɗaure ta, a riƙo hannunta, a zaunar da ita, a ɗauki hoto, bayan 'yan awoyi a kwance. Babu wanda ya taɓa ce wa amarya ta durƙusa ta goge murhu.

Na fara da tef, don ruwa ba ya tsami banza. Ƙarƙashin ƙirjinta, wato zagayen haƙarƙari, inci 31. Kunkumi, inda jiki ya fi tsukewa tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, inci 29. Saman ƙugu, inci 4 ƙasa da kunkumi, inci 36. Daga nan na shimfiɗa koset ɗin da ta sayo na auna shi a rufe: sama 27, tsakiya 24, ƙasa 30. Mai sayarwar ya rubuta cewa a cire inci 5 daga awon kunkumi a zaɓi lamba, ita kuma ta bi.

Lissafin kaɗai ya isa. In an ɗaure shi har kunkuminta ya koma 27, ratar da za ta rage a baya, inda igiya ke bi, inci 3 ce a tsakiya, 4 a sama, 6 a ƙasa. Wato ratar ta buɗe baki ta ƙasa kamar almakashi. Abokiyar wasanta da ke ɗaure ta ta ga hakan bai yi kyau ba, sai ta dage tana jan igiyar ƙasa don ta rufe. Kunkumi nama ne da tsoka da kitse, in an matsa shi yana ba da kai. Ƙashin ƙugu ba ya zuwa ko'ina. Duk ƙarfin da aka sa sai ya taru a kan tsininsa, tare da sandunan ƙarfe guda biyu na cikin koset ɗin da suka faɗo daidai wurin. Akwai wata jijiya da ke bi ta kusa da tsinin nan na gaba ta gangara gefen cinya, in aka danne ta wurin yakan sage. Likitoci sun san matsalar, matsattsen bel ma yana kawo ta. Na ce kada ta ƙara sa abin, in cinyar ba ta dawo daidai ba cikin 'yan kwanaki ta ga likita. Cinyar ta dawo daidai bayan kamar mako guda.

Sauran laifuffukan biyu ne. Gabansa ya yi mata tsawo, in ta zauna bakin ƙasa ya tokare cinya, sai gaba ɗaya ya turo sama ya soke ta a hammata. Sannan kai tsaye take sa shi a kan fata. Matan wancan zamani ba su yin haka, sai sun fara sa doguwar rigar ciki ta auduga ko lilin, wadda ke shan gumi tana kare fata, tana kuma kare koset ɗin, don shi ba kasafai ake wanke shi ba. Kalmarmu ta shimi daga sunan wannan rigar ta samo asali. Na ce da ita, "Ke da kika tashi kina ganin shimi a igiyar shanya, a nan kika manta da ita?"

Na ƙi gyara wanda ta sayo. Siffarsa ta bututu ce, an ɗan tsuke tsakiya, babu wurin da aka tanadar wa haƙarƙari balle ƙugu, kuma ba ya kama da na kowane zamani. Mutane na cewa "koset irin na dā" kamar abu ɗaya ne. A ƙarni na 18 siffar mazurari ake nema: gaba a miƙe, ƙirji a ture sama, kafaɗu a ja baya, a tsattsaga bakin ƙasa ya baje a kan ƙugu. Wajen 1810 kunkumin riga ya hau har ƙarƙashin ƙirji, ba wanda ya damu da tsukewar tsakiya. A ƙarshen shekarun 1820 aka fara sa ƙananan zobban ƙarfe a ramukan igiya, abin da ya sa ake iya ja da ƙarfi ba tare da yadi ya yage ba. A 1829 wani Bafaranshe, Jean-Julien Josselin, ya fito da makullin gaba mai rabuwa biyu, wanda daga baya ya ba mace damar sawa da cirewa ita kaɗai. A 1868 Edwin Izod ya yi rajistar dabarar jiƙa koset da sitaci a ɗora shi kan gunkin ƙarfe a busar da tururi, ya fito da lanƙwasarsa tun daga masana'anta. Wajen 1900 kuma aka koma mai miƙaƙƙen gaba, wanda ake dangantawa da Inès Gaches-Sarraute ta birnin Faris, mai turo ƙirji gaba ya tura mazaunai baya. In ka sa na 1900 a ƙarƙashin rigar 1890, rigar za ta tona maka asiri, domin ɗinkunanta ba za su faɗi inda aka yanka su faɗa ba.

Abin da nake buƙata shi ne na 'yar aiki, kuma sai na tarar ashe a ƙofar gidana yake. Daga Lesta zuwa Market Harborough tafiyar kamar kwata ce a jirgin ƙasa. A garin ne kamfanin R. & W. H. Symington ya yi zamaninsa. Mahaifinsu James ya zo daga Sikotland, mahaifiyarsu Sarah Gold mai ɗinkin koset ce da hannu, 'ya'yan kuma, Robert da William Henry, suka shigo da kekunan Singer daga Amurka a shekarun 1850 suka mayar da sana'ar uwarsu masana'anta. A 1980 aka miƙa tarin kayan kamfanin ga gidajen tarihi na gundumar, kuma gidan tarihin garin yana cikin tsohon ginin masana'antar. Na je wata Asabar, na daɗe a gaban gilashi ina leƙen ɗinki har wuyana ya ƙage.

Cikin abin da kamfanin ya yi wajen 1890 akwai wanda ya sa wa suna Pretty Housemaid, an yi shi musamman don masu aikin gida, ana tallarsa da cewa babu mai ƙarfinsa kuma babu mai arharsa. Kasuwa ce babba, domin ƙidayar 1891 ta nuna mata sama da miliyan ɗaya ne ke aikatau a gidajen mutane a Ingila da Wales. Mu mun ce araha ba ta ado, to wannan dai ta yi aiki. Maimakon a cika shi da ƙashin wel mai tsada (wel wata ƙatuwar dabbar teku ce), sai aka yi layukan ɗinki kusa da juna aka tura igiya a ciki, irin igiyar ramarmu, ta ba yadin tauri amma yana lanƙwasuwa. A bayan makullin gaba aka ƙara wani ƙarfe mai faɗi, don kada ya karye a hannun mai yawan sunkuyo. Wanda ya tsara shi ya san matar da za ta sa shi tun asuba take tashi.

Abin da ake kira ƙashin wel ɗin ma ba ƙashi ba ne. Wasu faifai ne da ke cikin bakin wannan ƙatuwar dabbar teku, da su take tace abinci, kuma sinadarinsu ɗaya da farce da gashi. Ɗumin jiki na tausasa shi, a hankali ya ɗauki siffar mai sawa. Faffaɗan ƙarfe ba ya haka, ko shekara goma ya yi a jikinki yana nan a kan bakansa. Yanzu akwai wata roba da ake yi don ta kwaikwayi halin ƙashin wel, ana iya lanƙwasa ta da zafin dutsen guga, ita na saya. Ƙarfe kuwa a wuri biyu kawai na sa, makullin gaba da gefen ramukan igiya a baya, inda ake son miƙewa.

Na zana fatan, wato samfurin da ake bi a yanka yadi, a kan tsarin na masu aikin nan amma da awonta. Na yanke shawarar inci 2 kawai za a rage a kunkumi, ya koma 27. A haƙarƙari ba ragi ko kaɗan. A ƙugu ma haka, har na ƙara rabin inci, saboda naman da aka matsa daga tsakiya sai ya sami inda zai je, kuma ƙasa yake gangarawa. Daga kowane awo na cire inci 2 na ratar baya, wadda nake so ta sauko daidai wa daida daga sama har ƙasa, kamar layin dogo. Amfanin ratar shi ne jiki ba ya kwana ya tashi da awo ɗaya. Bayan cin abinci, ko lokacin al'ada, a ɗan sassauta igiya, abin ya ci gaba da zama daidai.

Na yi ɗinkin gwaji da yadi mai kauri wanda ba ya miƙewa, na sa masa roba da makulli na wucin gadi, domin gwajin koset ba ƙashi a ciki ɓata lokaci ne. Nan na tafka nawa kuskuren. Da ta sa, tana tsaye a gaban madubi, ya yi kyau har na fara yabon kaina. Bayan minti goma sai ga tattara a kwance ta fito a gefe, sama kaɗan da inda na sa layin kunkumi, ta kuma ce, "Anti, yana ɗan cizo a nan," ta nuna ƙashin ƙugu. Na sa yatsu a gefenta ina lalube. Tsakanin haƙarƙarinta na ƙarshe da ƙashin ƙugu yatsu biyu ne kacal ke shiga. Wata matar za ki sami huɗu. Ni kuma hannuna ya saba da na amare, inda ake saukar da kunkumi don jiki ya yi tsawo a hoto, sai na sauke layin da inci guda ban ma lura ba. Wurin da ya fi tsukewa ya zauna a kan ƙashi, yadin kuma yana ta ƙoƙarin hawa inda ya kamata ya kasance, shi ya kawo tattarar. Na ɗaura mata siririn zare a tsakiya, na ce ta lanƙwasa hagu, ta lanƙwasa dama. Inda zaren ya gangara ya tsaya, nan na shata da alli, na warware na sake yankawa.

Gwaji na biyu ban bari ta tsaya a gaban madubi ba. Na cika bokiti da ruwa rabi na ba ta, na ce ta kai ƙarshen ɗaki ta dawo. Na sa ta zauna a kan kujera mai tauri. Na sa ta durƙusa ta goge ƙarƙashin teburina, wanda dama yana bukata. A durƙuson ne bakin makullin ya taɓa ta a mara, don haka na sauya shi da wanda ya fi gajarta da inci guda, na kuma ɗage bakin ƙasa a kan cinyoyi har ya bar wurin yatsa biyu in tana zaune. Ƙarƙashin hammata na rage rabin inci. A nan ita ma ta gano abin da ba a gaya mata ba: da koset ba a lanƙwasa baya a ɗauki abu, gwiwa ake karyawa, a sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe. Ta yi sau biyu sau uku, sai ta fashe da dariya ta ce tafiyar da daraktansu ke ta fama ya koya mata ke nan, ga shi ta zo da kanta.

Na ɗinka na gaskiyar da kutil, wani yadin auduga mai matsattsiyar saƙa da aka daɗe ana yin koset da shi saboda ba ya miƙewa. Na jiƙa shi na goge kafin yanka, don ya gama shan ruwansa tun da wuri. Tura igiya cikin layuka ya ci min dare uku da fatar yatsa. Ta ciki, daidai layin kunkumi, na bi da wani ƙaƙƙarfan kirtani mai faɗi wanda zai ɗauki nauyin ja, don kada ɗinkunan su buɗe. Na ba ta shimi biyu na auduga, na ce mako na farko awa ɗaya zuwa biyu a rana, a sassauce, har robar da igiyar su san jikinta. Na kuma ce ta sa takalmi ta ɗaure kafin koset, in ba haka ba sai ta nemi mai taimako, kuma ta bar lemon kwalba mai gas sai bayan wasa.

Mahaifiyarta ta kira ni daga gida a tsakiyar wannan, hankalinta a tashe, wai ta ga hoton shatin nan na farko. "Hajiya, me ake sa wa 'yar nan ne a ƙasar mutane?" Na ce ta kwantar da hankalinta, wanda ya ji mata ciwo yana cikin kwandon shara, wannan kuwa bai kai matsin ɗamarar da muke yi da gyale ba in za mu shiga aikin biki. Ta ce to, amma in ta sake ganin shati ni za ta riƙe.

Gardamar da ta fi tsawo da daraktan aka yi ta, ta bakin yarinyar da mai kula da kaya. Ya ga gwajin kaya ya ce tsakiyar ba ta tsuke kamar a hotunan zamanin ba, a ƙara ja. Hotunan da yake kallo na matan masu kuɗi ne cikin kayan fita, kuma masu ɗaukar hoto na lokacin sun iya gyara, sukan shafe gefen kunkumi a jikin gilashin hoton kafin a wanke. In ka ƙura ido a wasu za ka ga inda aka goge. Ban da haka, ido ba tef ba ne, bambanci yake gani. Matan lokacin sun san haka, shi ya sa suke cusa 'yan matasai a ƙugu da ƙirji, su tara fatari a ƙarƙashin siket. Na ɗinka mata ɗan matashi siriri mai siffar jinjirin wata da za ta ɗaura a baya ƙarƙashin siket, na ƙara tattara a fatarinta, na ɗan ɗaga kan hannun baƙar rigar kamar yadda aka fara yayi a 1890. Kafin koset bambancin kunkuminta da saman ƙugu inci 7 ne. Da koset ya zama 9 da ɗoriya, da matashi da fatari ya haura 11. Ban taɓa igiyar ba. Da ya sake gani sai ya aiko a gaya min yanzu ne aka ɗaure ta yadda ya kamata. Ban gyara masa zancen ba.

Abu ɗaya ne bai warware gaba ɗaya ba, numfashi. Koset ko ya zauna daidai yana rage motsin ciki, numfashi ya koma saman ƙirji. A zaman hira ba za ki ji ba, amma akwai wurin da za ta hau matakala da gudu ta kwala kira, a nan murya takan tsinke mata. Muka sassauta igiyar, muka ƙara rabin inci a ratar ta sama, abin ya ragu. Sauran ita ta koyi tsayawa daƙiƙa guda a kan matakalar ƙarshe kafin ta buɗe baki, mutanen da ke kallo suka ɗauka cikin wasan ne.

Dare shida suka yi suna wasan. Na je na biyar, na zauna can baya, idona ba ya kan fuskar kowa sai bayan baƙar rigar nan, ina jiran in ga tattara. Ta durƙusa, ta share murhu, ta miƙe da bokiti a hannun hagu. Bayan an tashi na bi ta ɗakin sauya kaya na kwance igiyar da hannuna. Ratar inci 2 ce daga tsakiya har ƙasa, 2 da rabi a sama. Na ɗaga shimin, babu komai a fata sai sawun tattarar yadi, irin wanda zanin gado ke bari a kumatu.

Bayan mako biyu ta dawo min da shi a cikin baƙar ledar nan, wai ƙungiyar na so ta adana shi. Na shimfiɗa shi a tebur, ya ƙi kwanciya, ya ɗauki siffarta. A gefen dama, daidai kunkumi, igiyoyin sun yi laushi, yadin ya karye ya yi layi, saboda duk lokacin da ta ɗauki bokitin da hagu, dama take karkata don ta daidaita nauyi. Na warware layi biyu a wurin, na zare igiyar na tura roba, na rubuta awonta da shekarar 1890 a kan ɗan ƙyalle na ɗinke ta ciki, tare da gargaɗin cewa duk wadda za ta sa shi nan gaba a fara lalubo mata tazarar haƙarƙari da ƙugu da yatsa.